Za Ta Gani, Za A Gan Ta

Inna ta sha faɗa a gaban mutane cewa ko nono sai na shinshina kafin in kama. Ban san gaskiyar wannan ba, amma na san ni mace ce mai zargi, kuma na san inda na gado shi. In mahauci ya yi mini murmushi, sai na juya tsokar na duba ƙasanta. In ɗalibi ya gaishe ni har ƙasa da safe, na san bai yi aikin gida ba. Mijina yakan ce duk mai kawo mini albishir gara ya taho da shaidunsa.

Ingilishi nake koyarwa a wata kwaleji a Tahoua. A shekarar da nake ba da labari, ajin da ke shirin jarrabawar fita ne a hannuna, kuma mun maƙale a darasi guda, wato yadda ake faɗin abin da za a yi wa mutum ko wani abu nan gaba. A Hausa ba wuya. Za a yanka rago, za a ɗinka riga, shi ke nan, wannan ɗan "a" ya ɗauke nauyin kowa. Mai Ingilishi kuwa sai ya jawo ragon gaba, ya sa masa "will", ya bi shi da "be", sannan ya kawo siga ta uku ta aikatau, irin wadda muke sa yara su haddace da waƙa: "see, saw, seen". Yarana sun iya "will". "Be" ɗin ne suke haɗiyewa. Sai yarinya ta fito da ƙarfin gwiwarta, ta ɗauki alli ta rubuta: "The ram will slaughter on Sallah day."

"To, madalla," in ce. "Rago za shi yin yanka ran Salla. Wa za shi yankawa? Babanku?"

Sai aji ya kece da dariya, har masu barci a baya su farka. In karɓi allin in gyara: "The ram will be slaughtered." In ce musu kalma ce ƴar ƙarama, harafi biyu, amma ita ke raba mai riƙe da wuƙa da wanda aka kayar. Su gyaɗa kai, su rubuta. Washegari su sake haɗiye ta.

A lokacin Inna ta yi shekaru ba ta gani. Tana zaune a ƙauyenmu, arewa da gari ta hanyar Takanamat, a gidan yayana. Abin bai zo mata lokaci guda ba. Da fari gefe-gefe ne ya soma ɓacewa, ta riƙa tuntuɓe da turmi, tana buga kafaɗa a bakin ƙofa, tana zagin yara wai su ke ajiye kaya a kan hanya. A hankali hasken ya yi ta tsukewa har ya rufe. Mutanen ƙauye suka ce yanar ido ce, irin ta tsufa. An sa mata kwalli iri-iri, an wanke mata ido da rubutu, wani mai magani da ya biyo ranar kasuwa ya ɗiga mata wani ruwa da ya sa ta kwana biyu tana hawaye. Duk wanda ya zo da magani nakan tsare shi da tambaya har ya tattara kayansa, shi ya sa yayana ya daina sanar da ni in wani ya zo.

Makanta ba ta hana Inna saƙar tabarma ba. Tun tana yarinya take saƙa da kaba, kuma yatsunta ba su taɓa neman taimakon ido ba. Launi ne kawai ya gagare ta. Kabar da aka rina ja, da kore, da rawaya, duk ɗaya suke a hannu. Sai matar yayana ta riƙa zama kusa da ita, in Inna ta ce ja, ta miƙa mata ja. Matar nan mai haƙuri ce, ban taɓa kama ta da wani abu ba, kuma Allah ya sani na duba. Amma Inna ba ta yarda da ita ba. Duk zuwana ƙauye sai ta jawo ni ta yi ƙasa da murya.

"Ni dai ban sani ba ko ja na take ba ni in na ce ja. Wanda ya kusa hannunta take miƙowa. Ina jin yadda take yi, ba ta ko juyawa."

In na ce ta kawo in duba mata, sai ta ƙi. Wai ni ma zan rufa wa matar yayana asiri don a zauna lafiya. Tabarmar da ta gama kuwa ba ta kwana, ranar kasuwa ake kai ta.

Ana cikin haka aka yi shela a rediyo cewa wasu likitocin ido daga ƙasar waje za su sauka Tahoua, suna cire yana kyauta. Da na ji "kyauta" sai na tsuke baki. Amma wata maƙwabciyarmu ta rantse cewa an taɓa yi wa mijin yayarta irin wannan aiki, ya tafi ana ja masa sanda ya dawo yana karanta lambar mota. Yayana ya sako Inna a motar kasuwa ya kawo ta gidana, da ƙullin tufafinta da wata sabuwar tabarma a naɗe, an ɗaure ta da igiya. Ta ce tawa ce, amma kada a kwance tukuna.

Likitocin ba sa jin Faransanci, Ingilishi kawai, don haka aka nemi masu yi musu tafinta. Na so in je. Darakta ya hana, ya ce yara na jarrabawar gwaji a makon. Wanda ya samu shiga shi ne taubashina, ɗan kawuna. Shekaru ya yi yana ci-rani a Legas, kamar rabin mazan yankinmu na Adar, yana sayar da shayi a bakin wata tasha, ya dawo da Ingilishin kasuwa mai gudu, marar birki. Ba ya jin tsoron kowace kalma, in bai san ta ba sai ya taka ta ya wuce. Aka rataya masa wata igiya mai kati a wuya, aka sa shi tsara layi da kiran mutane. Ni da na ɓata ƙuruciyata a kan nahawu ina aji ina gadin masu satar amsa, shi yana can yana shiga da fita tsakanin Turawa. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Kuma tsakanina da shi wasa ne tun muna yara. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, don haka a wurinsa ni baiwa ce, a wurina shi sakaran ubangida ne. Duk abin da muka faɗa wa juna, komai zafinsa, ba mai ɗaukarsa da gaske. Haka al'ada ta tanada, kuma ban taɓa ganin aibinta ba sai ranar.

Ranar da likitocin suka fara aiki, na dawo daga lakkwal, wato makaranta, bayan azahar, tun daga bakin lungu nake jin guɗa. Na shiga na tarar da maƙwabta cike da tsakar gida. Inna na zaune a tsakiya, fuskarta a sama, tana murmushin da na manta tana da shi. Yayana na gefe da waya a kunne yana ihu, kamar yadda yake yi duk lokacin da ya kira ƙauye. Taubashina ya hango ni ya buɗe hannuwa.

"Baiwata, kawo goron albishir! Gobe Gwaggo za ta gani!"

"Wa yac ce?"

"Lokotoro da bakinta. Baturiyar, babbar likitocin. Ni da kunnena."

"Ta duba idon?"

"Ina hwa! Mutane sun yi yawa, ba a kai gare ta ba. Amma da za su tashi, ta hito ta biyo layi, ta tsaya gaban Gwaggo, ta dahwa mata kahwaɗa, tac ce..." Ya gyara tsayuwa, ya matse hanci don muryar ta fito irin ta Turawa. "She will seen tomorrow."

Mata suka sake ɗaukar guɗa. Ni kuwa sai na ji kamar an taka mini yatsa. A ƙarshen kalmar nan akwai wani ɗan "n" da bai kamata ya kasance a wurin ba. In za ta gani ne, "she will see" za a ce, ba wutsiya. "Seen" ba ta tafiya ita kaɗai bayan "will", sai da "be" a gabanta. In kuwa akwai "be", to maganar ta juye gaba ɗaya. Ba Inna ce za ta gani ba. Ita za a gani. Baturiya ta ce gobe za a duba ta, taubashina ya haɗiye "be" kamar yadda yarana ke yi, ya kawo mana saura.

"Sake hwaɗi in ji," na ce.

"She will see tomorrow." Wannan karon ba wutsiyar.

"Ɗazu ba haka kac ce ba. Sake."

"Kun ji ta ko? Madam ta buɗe lakkwal! She will seen, she will see, dut ɗaya na. Gobe za ta gani, mi ya rage?"

"Ba ɗaya na ba. Kuma ta yaya mutum za shi sanin ido za shi buɗewa bai leƙa cikinshi ba?"

"Hassada ta, jama'a! Igiyar wuyana ka tsone mata ido. Zo in ara miki ki ɗauki hoto."

Gidan ya fashe da dariya. Wata tsohuwa har da tafa hannu tana cewa taubasan nan ba sa gajiya. Na ɗaga murya na ce ba wasa nake ba, aka ƙara dariya, don haka kowane taubashi ke cewa in wasan ya yi daɗi. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman mutum guda da ya ji ni. Ban samu ba. Yayana ya riga ya gaya wa ƙauye, har an fara maganar akuyar da za a yanka ranar komawa. Inna ta sa aka ɗauko mata tabarmar nan, ta ɗora a cinya tana shafa igiyar.

"Gobe in Allah ya so," ta ce, "da idona za ni kwance ta. In ga abin da anka daɗe ana miƙo mini."

Na shiga ɗaki na zauna da jakata a kafaɗa. Na soma zargin kaina ma. Wataƙila kunnena ne ya ƙirƙiro wannan "n" don ina jin haushin igiyar wuyansa. Wataƙila Turawa na da na'urar da ke gane ido daga nesa. Wataƙila ni ce dai mai baƙin hali, wadda ba ta iya ganin mutane na murna ta bar su. A rayuwata ban taɓa son in zama mai kuskure kamar ranar ba. Amma zama bai yiwu mini ba. Bayan la'asar na ce zan je kasuwa, na tare kabu-kabu na ce ya kai ni inda likitocin suka sauka.

Layi ya watse, sai tsofaffin da suka zo daga nesa, daga Tebaram da Bambeye da rugagen arewa, sun shimfiɗa tabarmi a gindin katanga za su kwana a wurin don kada a riga su. Mai gadi ya hana ni shiga. Na yi masa muryar da nake yi wa ƴan aji, ya matsa. A ciki na samu Baturiyar tana wanke hannu, doguwa, mai furfura, gajiya duk ta bayyana a fuskarta. Shekara da shekaru ina koyar da harshen nan, amma ban taɓa magana da mai shi ba. Na haɗa jimlata a zuci kamar mai shirin jarrabawa, na gaishe ta, na kwatanta mata Inna, tsohuwa mai baƙin zane da ke kusa da ƙarshen layi.

Ta tuna ta. Ta ce, a hankali kuma a fili, "Yes, she will be seen tomorrow."

Ga "be" nan, zaune daram a wurinsa. Da a aji ne da na ba ta maki cikakke. Na tambaye ta ko Inna za ta gani. Ta girgiza kai ta ce ba wanda ya isa ya sani tukuna. "She will be examined, and then you will be told." Za a duba ta, sannan a gaya muku. Na tsaya ina kallon bakinta. Za a duba, za a gaya. Duk maganarta ba mai aikatawa a ciki, ba ta ce ni zan yi ba, ba ta ce mu ba. Na daɗe ina koya wa yara wannan gini, ban taɓa lura da irin wurin ɓuya da ke cikinsa ba. Mu ma haka muke yi da namu "za a", in ba mu son a riƙe mu da alkawari. Na yi mata godiya na fito.

Na samu yayana a ƙofar gida yana alwala, na gaya masa komai. Ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafa guda.

"To ke mi kike so a yi? A je a ƙwace mata murnar?"

"A hwaɗa mata gaskiya, Yaya. In ba a yi nasara ba, daga sama za ta hwaɗo."

"In kau an yi nasara hwa? Kin hana ta barci a banza. Ki riƙe bakinki. Kada ki yi ma abin ga baki."

Na riƙe. Na dafa tuwo, na zuba wa kowa, na kai wa Inna nata ɗaki bayan magariba. Ina ajiye kwanon ta kama wuyan hannuna. Hannun mai saƙa ne, in ya riƙe ba ya saki.

"Kowa ya yi guɗa, ban ji taki ba."

"Kaina ka ciwo, Inna."

"Kasuwar da kika tahi, mi kika sawo? Ban ji kin aje komi ba."

Ta ja ni na zauna a bakin gado.

"Ni na haihe ki. Hwaɗi."

Ban yi mata darasi ba. Na ce da ita, a bakin Turawan nan "za ta gani" da "za a gan ta" kusan ɗaya suke a kunne, ƴar kalma ce ƙarama a tsakani, ita ce ɗan ɗan'uwanta bai ji ba. Na ce na je na tambaya da kaina. Gobe za a duba ta, abin da aka yi alkawari ke nan, ba a yi na gani ba.

Ta saki hannuna. Ta lalubo kwanon ta matsar da shi gefe.

"Za a gan ni," ta ce, tana auna maganar. "To ai kullum ana ganina. Ni ce ba ni ganin kowa."

Can sai ta tambaye ni ko Baturiyar ta ce ba za ta gani ba. Na ce a'a, ba ta ce haka ba. Ta ce to, ai da sauran magana, in miƙo mata tuwon. Ta ci kaɗan. Ta kuma ce kada in gaya wa yaron nan, taubashina, a bar shi da murnarsa zuwa gobe.

Da safe ban nemi izinin darakta ba, na aika masa cewa ba ni zuwa. Taubashina ya shigar da mu da wuri, yana ture mutane yana cewa a ba Gwaggonsa hanya. Da ya gan ni ya ce ashe baiwa ta biyo ubangijinta koyon aiki. Aka zaunar da Inna gaban wata na'ura, aka ɗora haɓarta a kan ƙarfe. Baturiyar ta haska fitila a ido ɗaya, ta koma ɗayan, ta ɗiga magani, ta jira, ta sake dubawa. Ni ba idon Inna nake kallo ba, fuskar likitar nake kallo, yadda nake kallon ɗalibi in ina son in san ko ya ɓoye takarda. Na ga lokacin da ta daina nema. Ta kashe fitilar, ta jawo kujera kusa, ta kama hannun Inna.

Ta yi magana a hankali. Ba yana ba ce. Da yana ce, da an cire. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana danne jijiyar gani har ta mutu, a duka biyun, kuma jijiyar da ta mutu ba ta tashi. Da an zo tun lokacin da gefe-gefe ya fara ɓacewa, da an tsare abin da ya rage. Ta ce mu ƴaƴanta mu riƙa zuwa ana auna namu, don abin na bin jini. Ta ƙare da cewa, "She will be given drops for the pain." Za a ba ta maganin ɗigawa saboda ciwo. Wannan karon ma "be" na wurinsa, kuma na tsane shi.

Ta juya ga taubashina don ya fassara, aikinsa ne. Na san bai kama duka ba, amma ya kama abin da ya isa. Ya kama igiyar wuyansa yana murzawa. Sannan ya dube ni, kuma tun da muka tashi ban taɓa ganin ya dube ni ba dariya a idonsa sai ranar.

"Ke hwaɗa mata," ya ce. "Ni ba ni iyawa."

Na durƙusa gaban Inna na faɗa mata, ban rage ba, ban ƙara ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ce in yi wa Baturiya godiya, hannunta na da sanyi. Sannan ta miƙo hannu a ɗaga ta.

A hanya ba wanda ya yi magana sai yayana, shi ma sau ɗaya, yana kallon waje. Ya ce tun jiya nake yi wa abin baki. Na san zafi ne ya sa shi, amma maganar ta shige ni, har yau tana nan. Maƙwabtan da suka yi guɗa jiya suka shigo jaje ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe da Inna, suna kallona ta wutsiyar ido. Na san abin da za a faɗa a bakin famfo: an kawo albishir, ɗiyarta ta cikinta ta tsaya musu har abin ya lalace. Taubashina bai shigo ba. Na hango shi ta ƙofa zaune a kan dakali, ya cire igiyar ya cusa a aljihu. Na so in fita in tsokane shi ko zai ji sauƙi, na rasa da me.

Da la'asar gida ya yi shiru. Inna ta ce in fitar da ita inuwa, in kawo tabarmar. Na ɗauka za ta ce a mayar da ita ƙauye. Sai ta lalubi ƙullin igiyar ta kwance da kanta, ta shimfiɗa tabarmar a gabanmu, ta bi ta da tafin hannu tana kwantar da inda ya tanƙware.

"Jiya gidan ga cike yake da masu ido," ta ce, "ke ɗai kika ƙi yarda. Da can na ɗauka ke ma za ki rufa ma mutane asiri. Zamna nan. Ba ni yatsanki."

Ta kama yatsana ta ɗora a bakin tabarmar, a layin farko.

"Nan ja na ce a ba ni."

"Ja na, Inna."

Ta matsa da yatsan. "Nan kore."

"Kore na."

"Nan hwari, sannan rawaya biyu."

"Haka yake."

Muka yi ta bi, layi bayan layi. Duk tana riƙe da su a ka, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tabarmar ta yi kyau ƙwarai, irin kyan da ya sa na riƙa haɗiye kuka don kada ta ji a muryata. Ja ya zauna inda ta so, kore ya zauna inda ta so. Matar yayana, baiwar Allah, ashe tana juyawa. Mun kusa ƙarshe Inna ta tsayar da yatsana a wani siririn layi ta ce kore. Na duba. Rawaya ne. Layi ɗaya tak a duk tabarmar, wanda ba mai lura da shi sai mai nema. Zan iya cewa kore, mu wuce, ba wanda zai taɓa sani.

"Wanga rawaya na, Inna."

"Ahaf!" Ta buga cinya, ta yi dariya har da tari. "Ban hwaɗa miki ba? Na san za a rina! Sauran hwa?"

"Sauran dut daidai suke."

"Dut?"

"Dut, Inna. Wanga ɗai na."

Ta daina dariyar. Ta saki yatsana, ta shimfiɗa hannuwanta biyu a kan tabarmar, ta bi ta tun daga sama har ƙasa a hankali, ta tsaya a kan layin rawayan nan ta ɗan danna shi.

"To," ta ce. "Na gani."